Daƙiƙa 20 a bakin famfo

Wajen ƙarfe 4 da rabi na yamma na yi wa wani tsohon kare allurar da za ta raba shi da wahala. Shekararsa 14, ƙodarsa ta daina aiki, kwana uku ko ruwa ba ya zama a cikinsa. Mai shi na rungume da kan karen har numfashi ya tsaya. Ban ko cire safar hannu ba aka leƙo: "Likita, akwai ɗan kwikwiyo a ɗaki na biyu, rigakafi ne. Ga kuma muzuru, tun safe fitsari ya ƙi fita."

A da, haka nake faɗawa ɗaki na gaba da zuciyar ɗakin baya. Hannu na rawa, in nemi jijiya in rasa, ita kuwa kyanwa daga riƙo take gane wanda hankalinsa ba ya jikinsa, sai ta fito da farata. Akwai ranar da na daka wa mataimakiyata tsawa a kan sirinjin da ke cikin aljihuna. Har yau in na tuna sai kunya ta kama ni.

Tsakanin dabba da dabba dole ne a wanke hannu da sabulu, aƙalla daƙiƙa 20. To, waɗannan daƙiƙoƙin na mayar nawa. Ba na amsa kowa. Ina jan numfashi, in sake shi a hankali ya fi shigarsa tsawo, har bugun zuciya ya lafa. In ce a raina, wannan ya yi min ciwo. Sai in tambayi kaina: wa zai mutu in na bar shi minti goma?

Muzurun ne. In fitsari ya toshe, sinadarin potasiyam kan taru a jini har ya tsayar da zuciya. Da yake na san kaina ba daidai yake ba, na faɗi nauyinsa da lissafin maganin da ƙarfi, mataimakiyata ta maimaita kafin in zuƙa a sirinji.

Ɗan kwikwiyon ya jira minti 40. Na ba masu shi haƙuri, ya lashe min kunne, yaran suka kwashe da dariya, ni ma na yi.

Hawayen tsohon karen sai da na tashi aiki, na zauna cikin mota ban tayar ba, sannan suka zo.