Godiya bayan sallamar Baba

Alhamdu lillahi, an sallami Baba. Zagaye huɗu na kemo (maganin ciwon daji) ta jijiyar jini da gashin na'ura (radiotherapy) sau 35 sun cika, ƙodarsa lafiya lau, kunnensa ma yana ji, maganin bai taɓa su ba.

Da yawa kun tambayi dalilin da ya sa ba a ba shi maganin ta ƙarin ruwa kamar kowa ba. Ciwon dajin nasa a kogon ƙashin kunci yake, kuma jijiyar da ke kai wa wurin jini ana iya kama ta. Sai likita ya huda babbar jijiyar matsematsi, ya tura siririn bututu har wuya yana kallon hoto, ya shiga reshen da ke ciyar da ciwon, ya zuba maganin kemon mai suna cisplatin, miligiram 150 a kan kowace murabba'in mita ta faɗin jiki, a rana ta 1, 8, 15 da 22. A daidai lokacin kuma ana ɗura wani magani, sodium thiosulfate, ta hannu, shi ke kashe kaifin abin da ya tsere cikin jini kafin ya ƙona ƙoda. Fargabar ita ce gudan jini ko maganin ya bi jijiyar ƙwaƙwalwa ko ta ido. Shi ya sa bayan kowane zagaye ake cewa ya yi murmushi, ya ɗaga hannu biyu, ya faɗi sunansa.

Amma abin da ya tsorata mu ba can ya fito ba. Daren zagaye na uku tari ya sarƙe shi, ya naɗe ƙafar da aka ce ta zauna a miƙe awa shida, wurin hudar ya fara kumbura kamar ƙwai. Nas ɗin dare ba ta ɗaga murya ba. Ta ɗora yatsu ɗan sama da ramin fata, domin allura a karkace take shiga, hudar jijiyar tana sama da ta fata. Ta danne kan ƙashi minti 20 cur ba ta saki ba, hannunta na rawa, tana sa a taɓa mata bugun jini a bayan ƙafarsa, tana cewa "Baba, saura kaɗan." Na san ba ta son a ambace ta, amma 'yar'uwa, Allah Ya saka miki da Aljanna, Ya jiƙan mahaifanki, Ya raba ki da ranar da za ki nemi taimako ki rasa.

Kawu ƙarami da ya kwana a benci mako bakwai, da Anti da ta koyi wanke bututun abinci lokacin da miki ya hana Baba haɗiya, Allah Ya bar zumunci. Waɗanda "ya jiki" a waya ya ishe su, su ma mun gode, hanya ce wataƙila ta yi nisa.

Hoton da zai nuna ko ciwon ya tafi sai bayan mako 12, kumburin da gashin ya bari kan ruɗi na'urar hoton kafin nan. A ci gaba da sa shi a addu'a.