Jirgin da ba ya ganin gabansa

Daga Milwaukee, inda nake zaune, zuwa Oshkosh, duk a jihar Wisconsin ta Amurka, tafiyar awa ɗaya da rabi ce a mota. Duk ƙarshen watan Yuli jirage wajen 10,000 ke taruwa a filin jirgin Wittman na garin da maƙwabtansa don bikin nunin jiragen sama, har ta kai a wannan makon babu hasumiyar kula da zirga-zirgar jirage da ta kai tasu aiki a duniya. Ni ba matuƙi ba ne, ɗan kallo ne kawai, kuma kullum ɓangaren tsofaffin jiragen Yaƙin Duniya na Biyu nake nufa da 'yar kujerata.

A zuwana na farko na ga wani jirgin yaƙi samfurin Mustang ya fito zai je bakin titin tashi, yana tafiyar maciji, ya karkata hagu, ya karkata dama. Na ce a raina, wannan mutum akwai yanga. Wani dattijo Bature mai rigar lemo, cikin masu yi wa jiragen jagora a ƙasa, ya ji ina dariya, sai ya ja ni gefe ya nuna mini yadda jirgin yake zaune. Manyan tayoyi biyu a gaba, wata 'yar mitsitsiya a ƙarƙashin wutsiya, saboda haka gindi a ƙasa, hanci a sama. A cikin hancin nan kuwa inji ne mai silinda 12, matuƙi yana can bayansa. Duk abin da ke saitinsa ba ya gani sam. Dole ya riƙa karkata yana leƙe ta gefen gilashi. Nan take na tuna da babar Marsandin kawuna mai dogon hanci, wadda ba ya tayar da ita a tasha sai yaron mota ya zagaya gaba ya buga ƙarfe. To shi matuƙin nan da zarar ya hau titi ba shi da yaron mota.

Da na koma gida na shiga bincike, sai na tarar wannan makantar ta sha cin mutane a wannan filin da na zauna ina shan iska.

A ranar 29 ga Yuli, 1999, tsofaffin jiragen yaƙi huɗu za su tashi, Bearcat biyu a gaba, Corsair biyu a baya. Na gaban suna tsaye a kan titi, Corsair ɗaya ya ba da wuta ya taho. Wanda ya san Corsair ya san shi ne uban masu dogon hanci: farfelarsa ta kai mita 4, an tura kujerar matuƙi can baya don a sami wurin tankin mai. Sai wutsiya ta ɗaga, hanci ya sunkuya, sannan ido ke ganin titi, lokacin kuwa gudu ya riga ya yi gudu. Ya bugi Bearcat ɗaya, ya wuntsila, ya karye, wuta ta kama. Matuƙin ya rayu, amma jikinsa ya shanye.

Haɗarin 2006 ko titin tashi ba a kai ba. Jirage na bin layi a hankali za su tafi gida ranar ƙarshe, wani Avenger, ƙaton jirgin nan da sojan ruwan Amurka suka riƙa harbo jiragen ruwa da shi a lokacin yaƙin, ya hau bayan wani ɗan ƙaramin jirgi samfurin RV-6 mai kujera biyu. Farfela ta shiga ta daddatse shi, fasinjan ya rasu, matuƙin da ke zaune kafaɗa da kafaɗa da shi ya fita da ransa. Masu bincike sun ce na Avenger bai yi wannan tafiyar macijin ba, wadda ni na kira yanga.

Amma wanda ya fi tsaya mini a rai shi ne na 27 ga Yuli, 2007. Mustang biyu sun gama nasu wasan suna saukowa. Na baya Gerry Beck ne daga Wahpeton a Dakota ta Arewa, mai shekara 58, gwanin da ake kai wa tsofaffin jirage daga nesa ya tashe su. Jirgin da yake ciki ma, P-51A, shi ya ƙera abinsa da hannunsa. Na gaba ya taɓa ƙasa ya fara rage gudu, shi kuma ya ɗaga hanci zai sauka, daidai lokacin da hanci ke rufe komai. Farfelarsa ta ci wutsiyar na gaba, jirginsa ya kife a gefen titi. Nan ya cika. Na gaban ya dungura da hanci, ya fito. Mutumin da ya san kowane ƙusa na jirgin nan, sanin bai ba shi ido a inda babu ido ba.

Ina da aboki da yake cewa a daina tashi da su kawai, a jera su a gidan tarihi. Ban yarda ba. Mustang da ba ka ji kukan injinsa a ƙirjinka ba, ƙarfe ne da fenti. Abin da ke ba ni haushi shi ne cunkoso. An tsara ƙirar jiragen nan ne tun zamanin Yaƙin Duniya na Biyu, babu wanda zai canja musu hanci yanzu, tazara ce kaɗai a hannun mutane, ita kuwa tazara tana cin lokaci, jadawali a matse, 'yan kallo sun biya kuɗi.

Bara na je da ɗana. Da jiragen suka juyo za su sauka, jama'a suka fara naɗe kujeru, a wurinsu an gama. Ni na tsaya a bakin igiya ina ƙirga daƙiƙoƙi tsakanin wanda ya taɓa ƙasa da mai bi masa, leɓena na motsi. Yaron ya ja mini riga ya ce, "Baba, addu'a kake yi?" Na ce masa ya ɗan dakata, saura biyu.