Sabar ko-ta-kwana ce ta kayar da babbar

Jama'a, jiya da la'asar na zare wa babbar saba, wato kwamfutar da ke riƙe da bayanan shagonmu, wuta da hannuna don gwaji, Alhaji mai shago yana tsaye. Na kira pg_promote, umarnin da ke mayar da ta ko-ta-kwana ta zama babba, na karkatar da adireshin saba zuwa gare ta, yaron kanta ya ci gaba da buga rasit kamar ba abin da ya faru. Alhamdulillahi! Amma kafin a kai nan na sha wuya, kuma wuyar ce nake so ku ji.

Odoo, manhajar lissafin kasuwanci, muke gudanarwa a kan rumbun bayanai na PostgreSQL a shagon sari kusa da babbar kasuwar Gusau, saba ta biyu kuma tana sito a Tudun Wada, eriya ta haɗa su. Kada wani ya ce min me ya hana a ɗora komai a intanet. Wanda ya ga yadda aka rufe layukan waya a Zamfara a watan Satumba na 2021 ba zai jingina cinikin mutane da abin da ke wajen gari kaɗai ba.

Kwafin bayanai daga babbar zuwa ta biyun yana tafiya lafiya lau, sai inbatar sito ta ƙone, ta ko-ta-kwana ta mutu. Ban damu ba, tunda babbar na aiki. Ashe ramin kwafi da ake buɗe mata, wato replication slot, amana yake riƙewa: muddin ta biyun ba ta karɓi fayilolin WAL ba, wato inda ake rubuta duk sauyin da aka yi a rumbun, babbar ba za ta goge ko ɗaya ba. Kowane fayil megabait 16 ne, suna ta taruwa a cikin jakar pg_wal shiru, ba ƙorafi, ba gargaɗi. Ranar da faifai ya cika maƙil, PostgreSQL ya tsaya cak, ana tsakiyar lodi, direbobi na jiran takardar kaya. Abin haushin, sabar da aka saya don ta ceci shago ita ce ta kayar da shi, alhali tana can a kashe!

Na ga masu cewa a shiga pg_wal a goge fayiloli da hannu. Don Allah kada ku yi, rumbun bayanan gaba ɗaya za ku lalata. Ni tsofaffin kwafin ajiya na pg_dump na kwashe daga faifan don a samu wurin numfashi, na tayar da PostgreSQL, na cire ramin da umarnin pg_drop_replication_slot, bayan checkpoint, lokacin da yake share tsofaffin fayilolin WAL, wuri ya dawo.

Maganin na dindindin shi ne max_slot_wal_keep_size, saitin da ke iyakance yawan WAL da rami zai riƙe, wanda ya zo tun PostgreSQL 13 a 2020. A yadda yake zuwa -1 ne, ba iyaka ke nan, kuma har gobe ban ga hikimar barinsa haka ba. Na sa masa gigabait 20. Sai dai akwai farashi: in ta biyun ta daɗe a kashe har aka wuce iyakar, wal_status, mai nuna halin ramin, zai nuna lost, wato ya ɓace, dole ka sake kwafe rumbun gaba ɗaya da pg_basebackup daga tushe, ta eriyar da ke jan ƙafa da zarar hadari ya taso. Na yarda. Gara in kwana ina kwafi da shago ya tsaya. Yanzu akwai ɗan shiri da na rubuta da ke duba safe_wal_size, wato abin da ya rage kafin a kai iyakar, kowace awa, ya turo min saƙo in ya yi ƙasa.

Sabuwar inbata da batirin lithium kuwa, da na faɗa wa Alhaji kuɗin sai da ya cire hula ya sake sawa.

Sauya saba da hannu zan ci gaba da yi, ba zan bar su su sauya da kansu ba. Da na'ura biyu kacal, in eriya ta yanke kowacce sai ta ɗauka ita ce shugaba, a wayi gari da lissafi iri biyu. Saura filestore na Odoo, wato ma'ajiyar hotuna da takardun da aka liƙa, tunda ba sa cikin rumbun bayanai. Na ɗora rsync, manhajar kwafe fayiloli, a kai, amma ranar Juma'a, in an rufe shago, zan gwada dawo da su.