Abin da na koya wajen sauya wa keke kai

Yawancin kekunan gwanjo da ke shigowa kasuwanninmu na hawan duwatsu ne, an ƙera su don mai motsa jiki a daji na awa ɗaya ko biyu. Kansu miƙaƙƙen ƙarfe ne, lanƙwasarsa zuwa baya ba ta wuce digiri 5 zuwa 9 ba. Masu sayensu a nan kuwa manoma ne da 'yan makaranta da masu kai kaya kasuwa, mutanen da za su wuni a kai. Ba a jimawa sai su dawo rumfata da kuka iri ɗaya: ƙugu na ciwo, wuya ya ƙage, ƙaramin yatsa da na kusa da shi sun sage. Kukan nan ne ya tura ni ga sauya fasalin kan keke, aikin da ya koya mini abubuwan da faci da ɗaurin sarƙa ba su taɓa koya mini ba.

Sagewar yatsun nan biyu tana da dalili. Akwai jijiya da ke bi ta gefen tafin hannu, ta ɓangaren ƙaramin yatsa. Idan mutum ya duƙa ya ɗora nauyinsa a kan miƙaƙƙen ƙarfe, wuyan hannunsa a karkace, jijiyar ce ke danne. Akwai gwajin da nake sa kowa ya yi kafin in taɓa kekensa. Sai in ba shi kara biyu ya riƙe, ɗaya a kowane hannu, ya saki hannuwansa ƙasa, sannan ya ɗago su gabansa ba tare da ya murɗa komai ba. Ban taɓa ganin wanda karansa suka yi layi ɗaya ba. Kullum a karkace suke, gindinsu na kallon jikin mutum. Haka Allah ya yi hannu, shi ya sa nake ƙara girmama tsofaffin kekuna irin Raleigh ta Nottingham a Ingila, da Phoenix ta Shanghai, da Hero ta Ludhiana a Indiya. Kansu ya lanƙwaso baya sosai, mahayi yana zaune a miƙe da babbar rigarsa, yana ganin hanya, yana gaisawa da jama'a. Matasa na kiran su keken tsofaffi, amma wanda ya zana wannan kan ya san hannun ɗan Adam.

Sai dai ba a ciro kan Phoenix a ɗora wa keken gwanjo. Na tsohon keke haɗe yake da wuyansa, wato ƙarfen da ke riƙe kan a jikin keke, kuma birkinsa na sandar ƙarfe ne da ke manne a jiki, na gwanjo kuwa da waya yake aiki. Ga kuma maganar awo. Inda hannu ke riƙewa kaurinsa milimita 22.2 ne a kusan duk kan da ba na tsere ba. Tsakiya, inda wuya ke matsewa, a nan rigimar take: tsofaffi 25.4 ne, sababbi da yawa 31.8. Na tsere masu lanƙwasa ƙasa kuma mariƙinsu 23.8 ne, don haka hannun birkin keken gida ba ya shiga. Na sha ganin an yanko gwangwani an naɗa don a cike gurbin da ke tsakanin 25.4 da 31.8. Ratar ta wuce milimita 6, gwangwani ba ya riƙe ta. Ranar da mutum ya faɗa rami da gudu, kan zai juya masa ƙasa, hannunsa ya bar birki. Akwai zoben da aka yi don wannan aikin. Idan babu, gara a sauya wuyan gaba ɗaya.

Wajen zaɓen ƙarfe ne na fi samun saɓani da mutane. Bututun da ake yin kujeru da shi yana da arha, yana lanƙwasuwa da sauƙi, kuma ido ba ya bambanta shi da na keke idan an yi masa fenti. Amma bangonsa siriri ne, kuma duk ƙarfin da mahayi ke sa wa kai yana taruwa ne dab da inda wuya ya matse. A nan kai ke karyewa, kuma ba ya sallama. Saboda haka ba na yarda a yi walda a wurin. Idan zan lanƙwasa bututun ƙarfe mai kauri, sai na ɗura masa yashi, na toshe bakinsa, kafin a gasa a ja shi a jikin ma'auni, don kada ya lotse a gwiwar. Yashin kuma lallai ya bushe ƙarau, domin mai laima yana tara tururi a ciki idan ya ji wuta. Na alminiyam kuwa, idan ya lanƙwashe a faɗuwa, ba na miƙe shi ko an roƙe ni. Wani dattijo ya taɓa ce mini, "Haba ɗana, ɗan bugu kaɗan fa zai mayar da shi." Na ce, "Baba, zai koma daidai a ido, amma tsagewa ta riga ta shiga cikinsa. Ku yi haƙuri in nemo muku na ƙarfe." Ransa bai so ba, amma ya jira.

Babban darasin da na samu shi ne kai ba ya sauyuwa shi kaɗai. Da zarar hannu ya dawo baya mutum ya miƙe, nauyin da ke kan hannu ya koma kan sirdi, kuma siririn sirdin gwanjo ba ya ɗaukar wannan zama. Dole a nemo mai faɗi, in da hali mai sifirin. Tayar gaba ma sai ta yi sauƙi. Wanda ke ɗaura jarka biyu masu lita 25 a kariya ya ɗora kilo 50 a baya ke nan, to idan na janyo masa kai baya da yawa, gaban keken zai riƙa rawa, ya nemi ɗagawa a hawa. Irin wannan mutum nakan bar masa wuya mai ɗan tsawo, in rage lanƙwasar. Wayoyin birki da na giya su ma sukan gaza, sai an sa sababbi masu tsawon da kai zai juya iyakarsa ba su ja ba. Kuma sai an bar miƙaƙƙen wuri a kowane ƙarshe wanda zai ɗauki robar hannu, ita kaɗai tana cin kusan santimita 13, ga hannun birki, ga maɓallin giya.

Faɗi kuwa hanya ce ke yanke shi. Mai bin yashi a ƙauye yana son kai mai faɗi don ya iya danne tayar gaba idan ta fara zillewa. Mai ratsa lungunan cikin birni da cunkoson kasuwa yana son matsattse. Ina rage santimita ɗaya a kowane gefe, mutum ya hau ya zaga ya dawo, domin abin da aka yanke ba ya komawa. Bakin bututun kuma sai na toshe shi. Buɗaɗɗen baki yana iya shiga cikin yaro idan ya faɗi a kai, kuma marfin bai kai kuɗin faci ba.

Sai maganar hagu da dama. Kekunan da aka haɗa don Ingila birkin gabansu a hannun dama yake, na Amurka da yawancin ƙasashen Turai kuwa a hagu, kuma gwanjo a gauraye yake zuwa. Tunda dai zan kwance wayoyi, nakan tambayi mai keke ko yana hawa babur. Idan ya ce e, sai in mayar masa da birkin gaba dama kamar yadda yake a babur, in sa shi ya matsa kowanne a gabana ya ga tayar da ta tsaya kafin ya hau titi.