Zauren Muhawarar da Muka Buɗe Bayan Yajin Aikin 2022

Yajin aikin ASUU, ƙungiyar malaman jami'o'i, na 2022 ya fara ranar 14 ga Fabrairu, ba a janye shi ba sai 14 ga Oktoba. Ni malamin tarihi ne a wata jami'ar tarayya a Arewa, kuma da muka koma aji bayan wata takwas ɗin nan, fushi na tarar a haɗiye. Wasu ɗaliban sun kama sana'ar POS, wasu tuƙin adaidaita, wasu an yi musu aure. Babu wanda ya tare mu ya ce mun cuce shi, amma ko a gaisuwa kana jin abin.

Shi ya sa ni da wasu abokan aiki muka ce a buɗe zauren muhawara duk Laraba bayan la'asar, malami da ɗalibi kowa ya faɗi abin da ke ransa. Maudu'in farko: yajin aiki gyara jami'a yake yi ko kashe ta?

Shugaban sashe ya kira ni ofis. Ya ce, "Malam, ba hana ka zan yi ba, amma ka san halin da ake ciki. Rubuto takarda, ka haɗa da sunayen masu magana da abin da za su faɗa." Sunaye na bayar. Abin da za su faɗa kuwa na roƙe shi ya bar mana, domin idan aka tace magana tun kafin a furta ta, ba muhawara za a yi ba. Muka daidaita a kan ƙa'ida biyu: a soki ra'ayi, kada a ci mutuncin mai shi, sannan ba a zagin addini ko ƙabilar kowa. Ya sa hannu.

Ranar farko ɗakin ya cika, amma shiru kake ji. Na yi ta cewa bismillah, babu mai ɗaga hannu. Can wata ɗaliba 'yar aji uku ta miƙe daga baya, ta gyara hijabinta, ta ce, "Malam, in mun faɗi gaskiya, wa zai duba takardunmu na jarrabawa?"

Tambayar nan ta tsaya mini a rai. Mu malamai idan muna maganar 'yancin jami'a, Abuja muke kallo, kuma da dalilinmu. A 1988 gwamnatin Babangida ta haramta ASUU, a shekarar ce kuma aka kori Patrick Wilmot, malamin nazarin zamantakewa a Jami'ar Ahmadu Bello, daga ƙasar baki ɗaya. A 1989 aka sallami Dokta Yusufu Bala Usman, malamin tarihi a jami'ar, daga aiki, sai kotu ce ta mayar da shi. Zargin da ake yi wa irinsu a lokacin shi ne wai suna koyar da abin da ba a biya su su koyar ba. A 1995 Abacha ya ɗora soja, Manjo Janar Mamman Kontagora, a kan jami'ar ta Zariya. Malamai 49 da aka kora a Jami'ar Ilorin a 2001 sai 2009 Kotun Ƙoli ta ba su gaskiya. Duk wannan ina koyar da shi, ina kuma alfahari da mutanen da suka tsaya. Amma ɗalibar nan ba minista take tsoro ba. Ni take tsoro. Haka ƙaramin malami yake kama bakinsa a taron sashe, saboda farfesan da zai musanta wa shi ne zai zauna a kan takardun ƙarin girmansa.

Don haka muka sake tsari. Na bar kujerar alƙalanci ga wani ɗalibin digiri na biyu, na koma cikin jama'a, sai an ba ni dama nake magana, minti uku kamar kowa. Muka hana ɗaukar murya ko bidiyo, don yankakkiyar magana idan ta shiga WhatsApp ba ta da mai kare ta. Na kuma nemi sashe ya sa wani malami ya riƙa bin takardun kwas ɗina bayan na duba, na sanar da haka a gaban kowa. Wannan na ƙarshen shi ya buɗe bakuna.

Da baki ya buɗu, mun sha magana. Na kare ƙungiyarmu da hujjar da na yarda da ita har yau: yarjejeniyar da ASUU ta yi da gwamnati a 1992 ce ta haifi asusun harajin ilimi, wanda aka kafa a 1993 da kashi 2 cikin 100 na ribar kamfanoni, shi ne ya zama TETFund, asusun tallafa wa manyan makarantu, a 2011. Na nuna musu allon da ke jikin ginin da muke zaune, sunan asusun ne a kai. Wani saurayi ya ce, "Gaskiya ne, Malam. To wa zai mayar mini da wata takwas? Ina gab da shekara 30, in na wuce babu bautar ƙasa." Ban ba shi amsa mai gamsarwa ba, kuma ba na jin akwai malamin da ke da ita. Wani abokin aikina ransa ya ɓaci ya fita, ya ce mun sa yara sun raina mu. Ni ban ga raini ba. Yaron ya kawo hujja, ya kawo ta cikin ladabi, abin da muke cewa muna koyarwa ke nan.

Kiran gyara da ake yi yana nan daram, kuma ina cikin masu yin sa: a cika alkawuran da gwamnati ta yi wa ASUU, a mutunta dokar cin gashin kan jami'o'i ta 2003, a daina rushe majalisun gudanarwa kafin wa'adinsu kamar yadda aka yi a 2023. Cire jami'o'i daga tsarin biyan albashi na IPPIS da gwamnati ta amince da shi a Disamba 2023 ci gaba ne. Sai dai akwai gyaran da ba ya jiran sa hannun kowa a Abuja. Daga zauren nan muka rubuta wa hukumar tsangaya buƙatu biyu: ɗalibin da bai yarda da makinsa ba ya samu a sake duba takardarsa ta hannun malamin da bai san shi ba, ba tare da kuɗi mai nauyi ba, sannan a rubuta wa kowane malami dalili idan an hana shi ƙarin girma. An karɓi ta farko an tura gaba. Ta biyun an ce a kafa kwamiti, kuma duk zaman tsangaya sai na tashi na tambayi inda aka kwana.