Katantanwa a tankin kifin ado: hanyar shigarta da yadda take jure rashin ruwa

Duk wanda ya daɗe yana kula da tankin gilashi na kifin ado ya san wannan ƙorafi: "Ni ban sayi katantanwa ba, ga ta nan ta cika mini gilashi." Abu na farko da aikin ke koya wa mutum shi ne ba ruwa ke haifar da ita ba, shigo da ita ake yi. Mafi yawa a jikin tsiron ruwa take zuwa, ko cikin tsakuwar da aka kwaso daga wani tanki, ko a ragar kamun kifi da aka aro. Sau da yawa ma ƙwai ne ke shigowa, ɗan dunƙule mai yauƙi, garai-garai, manne a bayan ganye, wanda ido ba ya kamawa sai an ɗaga ganyen a haske. Cikin mako ɗaya zuwa biyu ya ƙyanƙyashe, kuma zafin ƙasarmu yana ƙara masa sauri.

Guda ɗaya ta isa. Ƙaramar nan mai siririn ɓawo da ɗigo-ɗigo, Physella acuta, tana da gaɓoɓin namiji da na mace a jiki ɗaya, tana iya yi wa kanta barbara, 'ya'yanta kuma su fara nasu ƙwan cikin wata guda da 'yan kwanaki. Mai dogon ɓawo mai tsini, Melanoides tuberculata, ba ta ma buƙatar namiji, kuma 'ya'ya take haifa da ransu. Da rana tana binne cikin yashi, sai dare take fitowa, shi ya sa mai tanki kan yi watanni bai san da ita ba. Haska tocila awa biyu bayan kashe fitila, za ka ga ainihin yawanta.

Batun rayuwa a wajen ruwa ya rataya ne a kan murfi. Wasu nau'o'in suna da ɗan faifai mai tauri a bayan ƙafa, idan suka shige ɓawo sai ya toshe ƙofar ya riƙe danshi a ciki. Melanoides na da shi, haka Neritina mai zane-zane da ake saya don cin gansakuka, haka babbar nan Pomacea. Physella da masu naɗaɗɗen ɓawo irin ƙahon rago ba su da murfi. Da huhu suke numfashi, don haka bushewa ce ke kashe su, ba rashin iska ba. A kan tayil lokacin hunturu 'yan awoyi sun ishe su, amma a ƙarƙashin jiƙaƙƙen soso ko ganye sukan daɗe fiye da haka. Masu murfi kuwa sukan yi kwanaki, Melanoides a cikin tsakuwa mai laima har makonni.

A nan mutane da yawa ke yin asarar wahala. Sai a kwashe kifi, a zubar da ruwa, a juye tsakuwar a bokiti kwana uku, a mayar, bayan wata guda ga katantanwa ta dawo. Saman bokitin ne ya bushe, ƙasansa na nan da laima. In dai tsakuwa ake son tsarkakewa, a zuba mata tafasasshen ruwa ta jiƙa, ko a baza ta fale-fale a kan buhu a rana har ta bushe ƙayau, ana juyawa. Sai dai a sani, wannan yana kashe ƙwayoyin bakteriya masu amfani da ke narkar da kashin kifi, don haka kada a wanke soson matata a rana ɗaya da tsakuwa.

Idan aka tsinci Neritina ko Pomacea a ƙasa a wajen tanki, kada a yi saurin jefarwa. A duba murfin: in yana rufe gam, akwai rai. A sa ta a kwano da ruwan tankin daidai rabin ɓawonta, a ba ta awa guda ko biyu. Matacciya ba ta ɓoyuwa, murfin zai saki, warin kuma ya isa shaida. Kada a mayar da wadda ake kokwanto cikin tanki, don babbar katantanwa ɗaya da ta ruɓe tana iya ɓata ruwan ƙaramin tanki a dare ɗaya.

Fitar ma akwai dalilinta. Neritina hawa ɗabi'arta ce, murfin tanki kawai ke hana ta. Macen Pomacea a saman ruwa take manna ƙwanta, dunƙule mai launin hoda, shi ya sa ake bar mata tazarar santimita 5 zuwa 10 tsakanin ruwa da murfin tanki, in babu sai ta fita nema. Amma idan aka ga Melanoides da yawa sun hau gilashi da tsakar rana, ruwan ne ya lalace: ko iska ta yi ƙaranci bayan an ɗauke wuta famfo ya tsaya, ko sinadarin amoniya ya taru. A canja kashi ɗaya bisa uku na ruwan nan take, kifin ma yana cikin wannan hali.

Yawan katantanwa yana bin yawan abinci ne. A ba kifi abin da zai cinye cikin minti biyu, a tsotse dattin tsakuwa da tiyo duk mako, a cire ruɓaɓɓen ganye. Da dare a sa yankin kokwamba ko ganyen kabeji da aka ɗan tsoma a ruwan zafi, da asuba a ɗaga shi da duk abin da ya manne. Maganin da ke da jan ƙarfe yana kashe su, amma yana kashe jatan lande, gawarwakin kuma su gurɓata ruwa lokaci guda. Ba shawarar da za a bai wa sabon shiga ba ce.

Tare ƙofa ya fi sauƙi. Sabon tsiro ya yi mako uku a bokiti daban mai haske, ana duba bayan ganye. Mai gaggawa ya narka babban cokali ɗaya na alam a lita huɗu na ruwa, ya jiƙa tsiron kwana biyu, ya ɗauraye sosai. Ruwan bilic ma na yi, kashi 1 cikin kashi 19 na ruwa, kada ya wuce minti biyu, amma yana ƙona masu laushin ganye.

Akwai abin da ya shafe mu musamman. Kainuwa ko bado da aka ɗebo kyauta daga kududdufi, dam ko magudanar noman rani suna iya zuwa da Bulinus, mai ɗauke da tsutsar tsargiya, ko Biomphalaria, mai ɗauke da nau'in da ke kama hanji. Bulinus ta yi kama da Physella ƙwarai, duka biyun ɓawonsu ta hagu yake buɗewa, Biomphalaria kuma sak mai ƙahon rago. Ba su da murfi, amma wasu nau'o'in Bulinus suna shigewa laka su kwanta watannin rani har damina ta sauka. Wadda aka ƙyanƙyashe a tanki ba ta da tsutsar, sai wadda ta kamu tun a kududdufi, kuma ita tana iya sakinta cikin ruwa makonni, tsutsar ta huda fatar hannu. Irin wannan tsiro a taɓa shi da safar hannu ta roba, a tsince duk katantanwar da ke jikinsa kafin ya shiga alam.

Waɗanda aka tsince a murƙushe su ko a sa a firiza kwana guda, sannan a zuba a shara. Kwata da rafi ba wurin zubarwa ba ne. Ɓarnar da Pomacea ta yi wa gonakin shinkafa a bakin kogin Ebro na Sifen ce ta sa Tarayyar Turai ta hana shigo da ita a 2012, kuma shinkafar Kura da ta Haɗejia ma cikin ruwa take tsaye.