Laushin rezin daban, juriyarsa daban

Ɗauki gutsuren rezin poliyesta da ya daskare, wanda ba a sa wa zaren gilashi ba, ka sake shi a kan siminti. Zai yi ƙara kamar tangaran, sau da yawa ma ya tarwatse. Dalilin yana cikin gininsa. Ana dafa malayik anhaidiraid da fitalik anhaidiraid tare da gilaikol a sami dogayen sarƙoƙin ƙwayoyin sinadari, sai a narkar da su cikin sitirin, wanda kan kai kashi 30 zuwa 45 cikin ɗari na nauyin ruwan. Da an zuba MEKP, wato sinadarin da ke tayar da daskarewar, sitirin ɗin zai ɗaure wannan sarƙa da waccan har komai ya zama raga guda. Ragar ba ta da wurin motsi, shi ya sa rezin na gama-gari kan tsinke tun miƙewarsa ba ta wuce kashi 2 ko 3 cikin ɗari ba.

Amma ɗumama shi ya haura wani matakin zafi da ake kira Tg, sai ka ga ya saki jiki yana lanƙwasa kamar roba. Ba zai narke ba, domin ɗaurin yana nan. Robar PET ta kwalabar ruwa, wadda ita ma poliyesta ce, tana fara wannan saki a wajen digiri 70 na Salshiyos, a sama da nan ne kuma ake hura ta.

A nan mutane da yawa ke ruɗewa. Suna ganin aiki yana lanƙwasa sai su ce ya yi ƙwari, alhali bai gama daskarewa ba ne. Ragowar sitirin da bai shiga ragar ba yana zaune a ciki kamar mai, yana sauko da Tg. Abin da ke jawo haka sananne ne: MEKP bai kai kashi 1 ba, ko sanyi ya sauka ƙasa da digiri 15, ko iska ta hana saman kamawa. A tsayar da MEKP tsakanin kashi 1 da 2 cikin ɗari, a bar aikin ya kwana, sannan a gasa shi kamar awa 3 a digiri 80. Kada kuma a taɓa haɗa MEKP da kobal, sinadarin da ke hanzarta aikinsa, kai tsaye. Wuta ce take tashi. Kobal ya fara gaurayuwa cikin rezin tukuna.

Hanya mafi sauƙi ta rage tsagewa ita ce gauraya rezin mai laushi, wanda aka yi da adifik asid ko dayetilin gilaikol. Yana aiki, amma da hasara: jure zafi ya ragu, shan ruwa ya ƙaru, saman ya riƙa karcewa.

Hanyar da na fi yarda da ita ita ce a zuba roba mai talewa ta zauna a ciki ɗigo-ɗigo, ba ta narke ba. Ana sa ruwan roba irin CTBN ko VTBN, kashi 5 zuwa 15 bisa ɗari na rezin. Abin da ake so shi ne ta gauraya tun yana ruwa, sannan ta ware yayin daskarewa ta zama ƙwayoyi masu faɗin maikiron ɗaya zuwa biyar (maikiron shi ne kashi ɗaya cikin dubu na milimita). Idan tsaga ta taho, ƙwayoyin da ke gabanta sukan huje daga ciki. Wannan hujewa ce ke sassauta matsin, ta ba rezin da ke kewaye damar zamewa, ƙarfin bugun ya ƙare a nan maimakon ya tura tsagar gaba. Da yake robar tana gefe guda, Tg ba ya sauka sosai.

Sai dai gaskiya, dabarar ta fi ci a efoksi, wani nau'in rezin na daban. CTBN ba ta jituwa sosai da poliyesta, takan ware tun a bokiti, ta yi manyan ɗigo ko ta taso sama. Babban ɗigon da bai manne da rezin ba rami ne kawai, kuma daga nan tsaga ke farawa. VTBN ta ɗan fi, domin bakin sarƙoƙinta yana ɗaurewa da sitirin. Saurin daskarewa ma yana da hannu: in ya yi sauri, robar ta maƙale a narke ta tausasa komai, in ya yi jinkiri, ɗigon ya girma. Ragar da ta cika matsewa kuwa, ko ƙwayoyin sun huje, ba za ta zame ba.

Saboda haka ne ake komawa ga ƙwayoyin da aka ƙera tun farko, cikinsu roba, bayansu ɓawon akirilik, girmansu bai kai maikiron ɗaya ba. Girman ba ya canzawa da yanayin daskarewa, matsalarsu kaɗai kauri da dunƙulewa in ba a buga su da kyau ba.

Kafin a zuba babban aiki, a yi ƙananan faifai uku da roba kashi 0, 5 da 10, a gasa su tare, a yi musu ƙaramin yanka a karya. Karaya mai sheƙi kamar madubi alama ce robar ba ta yi komai ba. Wadda ta yi fari-fari da kaushi ita ce ta nuna ƙwayoyin sun huje.